Abin da 'Yan Tseren Keke Suka Karɓa da Hannu Biyu, da Abin da Sai da Aka Yi Rasuwa

A 1895, shekara 10 bayan John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry ta Ingila, wato keke mai sarƙa da tayoyi masu kusan girma ɗaya irin wanda ake hawa yau, wani Ba'amurke mai suna Curtis Veeder ya fara ƙera ɗan ƙaramin awo a garin Hartford. Ana ɗaure shi a gindin tayar gaba, a maƙala wani ɗan ƙarfe a jikin ɗaya daga cikin wayoyin tayar; duk zagayen da taya ta yi sai ƙarfen ya taɓa haƙorin awon, lamba ta motsa, mahayi ya san nisan da ya ci. Ba wanda ya kafa doka a kan sayensa, amma mutane suka yi ta rububinsa. Daga nan lambar ta kama hanya: ta bar gindin taya ta hau kan keke, ta koma ƙirjin mahayi, ta shiga kunnensa, yau kuma ga ta tana neman mazauni a cikin gilashin tabarau, dab da ƙwayar ido. Wanda ya bi wannan tarihi a tsanake zai ga ɗabi'a guda tana maimaita kanta. Duk na'urar da ke auna ƙarfi ko ƙara gudu, 'yan tsere da kansu suke nemanta, ko da hukuma ba ta so; na'urar da aikinta kare rai ne kawai kuwa, da wuya ta zama doka sai an binne wani. Da wannan ma'auni ya kamata a auna tabarau mai ƙwaƙwalwa da ake ta tallarsa yanzu.

A farkon lamari hukuma ce ke ja da baya, mahaya na turawa gaba. Henri Desgrange, editan jaridar L'Auto wanda ya kafa gasar Tour de France a 1903, yana ganin tsere jarrabawa ce ta mutum shi kaɗai da kekensa, kuma kowane taimako na waje yana rage wa nasara daraja. A 1913 Eugène Christophe yana gangarowa daga dutsen Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayarsa ta gaba ya karye. Ya saɓi keken a kafaɗa, ya taka da ƙafa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya hau gyara da hannunsa, alƙalan gasa na tsaye a kansa, domin doka ta hana kowa sa masa hannu. Amma mutum ɗaya ba ya riƙe awartaki, ya riƙe guduma, kuma ya hura wuta. Da wani yaro ya kama masa zuga-zugi, sai aka ƙara masa tarar minti 10 a kan sa'o'in da ya riga ya yi asara. Da irin wannan tsanani aka hana amfani da na'urar canja giya a gasar har 1937, bayan rashin lafiya ta sa Desgrange ya miƙa ragama ga Jacques Goddet, alhali masu yawon shaƙatawa sun daɗe suna hawan tudu da ita. Da aka buɗe ƙofa ba a roƙi kowa ba. Kayan kariya guda da mahayan wancan zamani suka ɗauka da kansu shi ne tabarau irin na matuƙan jirgin sama, kuma dalilin a fili yake: hanyoyin duwatsu ba kwalta, ƙura da tsakuwa na tashi, wanda ido ya rufe masa kuwa ba ya gudu.

Shekarun 1980 ne suka kawo lissafi cikin sana'ar gadan-gadan. Kamfanin CatEye na Japan da Avocet na Amurka suka ɗora ƙananan kwamfutoci a kan keke masu nuna sauri da nisa. A 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fito da na'urar auna bugun zuciya marar waya, ɗamara a ƙirji, agogo a wuyan hannu. Shekara biyu bayan haka, a watan Janairun 1984, Francesco Moser ɗan Italiya, yana da shekara 32, ya je birnin Meksiko ya ci kilomita 51.151 cikin awa guda, ya shafe tarihin kilomita 49.431 da Eddy Merckx ya kafa a 1972. Horonsa an gina shi ne a kan bugun zuciya, ƙarƙashin Farfesa Francesco Conconi na jami'ar Ferrara. Daga baya Moser ya amsa cewa an yi masa ƙarin jini, abin da dokar wasan ba ta haramta ba a lokacin, kuma ya kamata a riƙa tunawa da hakan duk sa'ad da ake ba na'ura ladan wannan bajinta. A 1986 wani injiniya Bajamushe, Ulrich Schoberer, ya ƙera na'urar SRM, wadda ke zaune a cikin ƙarfen da feda ke juyawa, tana auna ɗan lanƙwasawar da ƙarfen ke yi a ƙarƙashin ƙafa, ta mayar da shi lissafin ƙarfi da ma'aunin wat. Bugun zuciya yana canzawa da zafin rana, da rashin barci, da fargaba, kuma yana jinkiri kafin ya nuna wahala; wat kuwa nan take yake faɗin abin da ƙafa ta yi. Na'urar tana da tsada ƙwarai, amma manyan 'yan tsere irin su Greg LeMond suka riga kowa mallakarta. Yau hukuma ce ke kuka da ita: a 2018 shugaban Tour de France, Christian Prudhomme, ya nemi a haramta ta a lokacin gasa, bayan shekarun da aka yi ana kallon ɗan tsere Chris Froome yana hawan dutse kansa a sunkuye kan allon lambobi. Ba a haramta ba har yanzu.

Hular kwano ita ce ta fi fito da bambancin a sarari, domin abu ɗaya ne aka karɓa da wata fuska, aka ƙi da wata. Ranar ƙarshe ta gasar Tour de France ta 1989, Laurent Fignon ɗan Faransa yana gaban LeMond da daƙiƙa 50, saura tseren kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, kowa shi kaɗai da agogo. Fignon ya fito kai ba hula, gashinsa ɗaure a ƙeya yana kaɗawa. LeMond ya fito da hula mai tsinin baya don yanke iska, da wasu ƙarafuna biyu a kan keke da ya kwantar da hannuwansa a kai ya tsuke ƙirji. Ya cinye tazarar, ya ɗauki gasar da daƙiƙa 8, rata mafi ƙanƙanta a tarihin gasar maza. Kafin a yi nisa kowa ya nemi irin ƙarafunan da irin hular, kuma da yawa daga cikin hulunan yanke iska da aka yi yayi bayan haka ɓawo ne kawai, babu soson kariya a ciki. Hula mai kare kai kuwa tana kasuwa tun 1975, lokacin da kamfanin Bell ya fito da wadda aka yi da farin soso mai tauri. Amma da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce a 1991 kowa sai ya sa ta, 'yan tseren suka yi bore a gasar Paris–Nice, suka tuɓe huluna, hukuma ta janye dokar. Mutanen da suka yarda su rufe kansu don su rage daƙiƙoƙi su ne suka ƙi rufe shi don su tsira da ƙwaƙwalwa.

Abin da ya biyo baya yana da nauyin faɗi. Ranar 18 ga Yulin 1995, Fabio Casartelli, zakaran Olamfik na 1992, mai shekara 24, ya faɗi a gasar Tour de France a gangaren Portet d'Aspet ya bugi kansa a kan tubalin kankare na gefen hanya, ya rasu. Washegari abokan sana'arsa suka tuƙa zangon gaba ɗaya a hankali, suka bar 'yan ƙungiyarsa ta Motorola suka tsallaka layi a gaba. An yi makoki na gaskiya, an gina masa abin tunawa a wurin, amma ba a taɓa dokar hula ba. Likitoci ma sun yi saɓani a kan ko hula za ta cece shi a irin wannan gudu, kuma saɓanin ya ba kowa mafaka. Sai da aka ƙara shekara 8. A watan Maris na 2003, a gasar Paris–Nice ɗin nan da aka yi boren, Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi ba hula, ya cika washegari. Cikin wata biyu doka ta fara aiki, duk da haka da rangwamen cewa mahayi na iya jefar da hularsa idan zango zai ƙare a kan dutse, rangwamen da bai daɗe ba aka soke shi. Wannan taurin kai ba na Turawa kaɗai ba ne. Da aka tilasta wa 'yan acaɓa hular kwano a Nijeriya a farkon 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka a Kano don su wuce jami'an hanya.

Za a iya cewa wannan hukunci ya yi wa mahayan tsauri, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Hular 1991 tana da nauyi, ba ta shan iska sosai, mutumin da zai hau dutse na awa guda a zafin Yuli kuwa yana da hujjar jin tsoron abin da zai dafa masa kai. Ɗan tsere ma'aikaci ne da ake sabunta masa kwantaragi bisa sakamako; idan shi ya sa hula abokin hamayyarsa bai sa ba, shi ne zai yi asara. Sai dai wannan hujjar tana nuna dalilin ɗabi'ar ne, ba ta kore ta ba. Ribar na'urar gudu tana zuwa wa mai ita yau, a gaban jama'a, a kan agogo. Ribar na'urar kariya ba a ganinta, domin haɗarin da bai yi kisa ba ba ya shiga labarai, kuma kowane mahayi yana ganin faɗuwar ta wani ce. Saboda haka kariya ba ta yaɗuwa da zaɓin mutum ɗaya, sai an ɗora ta a kan kowa lokaci guda don kada wani ya ci riba da ƙin ta. Kuma da doka ta zo, kamfanoni suka shiga gasar rage nauyi da buɗe ƙofofin iska, har ƙorafin zafi ya mutu da kansa.

Akwai hujja ta biyu da ta fi wannan ƙarfi, ita ce ta oba-oba. Ƙungiyar Motorola ce ta yaɗa sa ɗan rediyo a kunnen mahayi a farkon shekarun 1990, koci na mota a baya yana magana da shi. Da masu shirya Tour de France suka gwada zango guda ba rediyo a 2009, mahayan suka nuna fushi ta hanyar tuƙi ba kuzari, aka fasa gwaji na biyu, kuma abin da suka riƙe shi ne tsaro: da rediyo ake gaya musu akwai mai a kan kwalta, ko motar asibiti na tsaye a bayan kwana. Ga shi nan, in ji mai musu, 'yan tsere sun yi faɗa don kare rayukansu. Amma rediyon nan shi ne kuma ke gaya musu tazarar wanda ya tsere gaba, da lokacin da ya kamata a fara kora. An ga darajar wannan a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, inda ba a yarda da rediyo: Anna Kiesenhofer 'yar Ostiriya, masaniyar lissafi da ba ta cikin wata babbar ƙungiya, ta tsere tun farko, manyan suka ɓata ƙidaya, har Annemiek van Vleuten ta Holan ta tsallaka layi tana murna a zaton ita ta zo ta ɗaya. Rediyo yana da amfanin tsaro na haƙiƙa, amma ya samu masu kare shi ne domin tsaron ya hau bayan riba.

Da wannan fuska biyu tabarau mai ƙwaƙwalwa ya shigo kasuwa. Asalin dabarar ta jiragen yaƙi ce, inda ake haska wa matuƙi lambobi a gilashin gabansa don kada ya sunkuya. Kamfanin Everysight, mai tabarau Raptor, reshe ne da ya fito daga Elbit, mai ƙera kayan soja a Isra'ila. Bayan hayaniyar tabarau Google Glass a 2013, kamfanin Recon na Kanada ya fito da tabarau Jet a 2015, Intel ya saye kamfanin a shekarar, ya rufe shi a 2017. Garmin ya kawo Varia Vision a 2016, ɗan allo da ake maƙalawa a gefen tabarau, 'yan tseren mata na Amurka kuma suka yi atisayen gasar Olamfik ta Rio da tabarau Solos. Tallar duka ɗaya ce, cewa idonka zai zauna a kan hanya. Lissafin ba ƙarya ba ne, domin mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a duk daƙiƙar da ya duƙa kallon allo. Duk da haka zubin farko bai kama kasuwa ba. Nauyi a kan hanci, batir mai saurin ƙarewa da farashin ɗaruruwan daloli sun taimaka, amma babban dalilin, a ganina, shi ne tabaran bai ƙara wa kowa gudu ba. Lambobin da yake nunawa suna nan a kan keke tun tuni. Da yana rage daƙiƙa 8, da an ga ƙwararru sun jure nauyinsa kamar yadda suka jure komai.

Iƙirarin tsaron ma yana bukatar a duba shi da kyau, domin ido ya fuskanci hanya daban, hankali ya kasance a kanta daban. A wani gwaji da hukumar NASA ta yi a 1980 da na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, wasu ƙwararrun matuƙa masu kallon lambobi a gilashi ba su lura da jirgin da aka ajiye musu a kan titin sauka ba, alhali yana tsakiyar abin da suke kallo. Tabaran da ke zuba wa mahayi wat da bugun zuciya da saƙon waya da matsayinsa a manhajar Strava yana iya ɗauke hankalinsa fiye da allon da yake duƙawa ya kalla lokaci-lokaci. Abin da ya fi cancanci yabo a wannan zamani na'ura ce marar ƙyalli: ƙaramar rada da wani kamfanin Afirka ta Kudu, iKubu, ya ƙirƙiro, Garmin ya saye shi a 2015. Ana ɗaure ta a ƙarƙashin sirdi tana kallon baya, tana hango mota daga nisan mita 140, ta yi ƙara sau ɗaya, ta nuna ɗigo yana matsowa a gefen allo, idan motar ta wuce ɗigon ya ɓace. Ta ba mahayi abin da ba shi da shi, wato ido a ƙeya, kuma ba ta neman ya karanta komai. Idan tabarau zai yi amfani, irin wannan ɗan saƙon ne ya dace ya ɗauka, da kibiyar kwana a garin da ba a sani ba.

Mutanen Holan za su ce duk wannan kallon kaya ne, kuma tarihinsu ya ba su bakin magana. A 1971 haɗarin hanya ya kashe kimanin mutum 3,300 a ƙasar, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, matsalar man fetur ta 1973 ta ƙara musu ƙarfi, garuruwa suka shiga ware wa kekuna hanyarsu da rage gudun mota a unguwanni. Yau miliyoyi suna hawa zuwa makaranta da kasuwa, akasarinsu ba hula, kuma ƙasar na cikin mafiya aminci ga mai keke. A 2019 ma sun haramta riƙe waya a hannu ana tuƙa keke. Na yarda da su cewa ga mai zuwa aiki, hanya mai kyau ta fi duk abin da zai rataya a jiki, kuma akwai haɗari a bar hukumomi su fake da na'ura su ƙi gyara titi. Amma su ma sai da aka binne yara kafin a motsa. Sannan ɗan tseren da ke gangarowa daga dutse da gudun mota ba shi da hanyar da za a ware masa, abin da ke jikinsa da kekensa shi ne kawai tsakaninsa da dutse.

A watan Satumban 2024, a gasar tseren keke ta duniya a Zurich, Muriel Furrer 'yar Suwizalan, mai shekara 18, ta faɗa cikin daji a wani gangare ana ruwan sama. Ba wanda ya gani, ba rediyo a gasar, ba na'urar da ke nuna inda take ga masu ceto. Ta kwanta fiye da awa guda kafin a same ta, ta rasu washegari. Wannan ya faru ne a wasan da ke iya ƙidaya ƙarfin ƙafar mahayi kowace daƙiƙa, wanda hukumarsa ta iya gano na'urar auna sukari a hannun Kristen Faulkner a 2023 har ta ƙwace mata matsayi na uku a gasar Strade Bianche, kuma kusan shekara 20 bayan GPS ya hau kan kekuna. Fasahar bin sawu tana nan tuntuni, ana amfani da ita don nuna wa masu kallon talabijin tazara. Bayan rasuwar ne UCI ta tashi tsaye, amma ko gwajin bai tafi lami lafiya ba: a watan Agustan 2025 aka fitar da ƙungiyoyi 5 daga gasar mata ta Romandie saboda saɓani a kan ɗaura na'urar, ƙungiyoyin na cewa ba tsaro suke ƙi ba, yadda aka tilasta musu da batun wa zai mallaki bayanan ne ba su yarda da shi ba. Wata guda bayan haka, a Kigali ta Ruwanda, inda aka yi gasar duniya karo na farko a Afirka, aka ɗaura wa kowane keke na'urar bin sawu.